Dunƙulen Baba Guda Ashirin a Guangzhou

Da asubar Talata muka tashi daga Kano, ni da abokin tafiyata wanda shagonsa ke kallon nawa a layin 'yan takalma na Sabon Gari. Ina fitowa daga masallaci na tarar da Baba maƙeri zaune a dakalin ƙofar gidana, ya jingina sandarsa da bango. Tsohon da idonsa ya fara ba shi matsala, ya tako tun daga unguwarsu da wannan duhun. Ya miƙo mini wani ɗan ƙulli a tsumman atamfa, ya ce saƙo ne, in na sauka lafiya in buɗe. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na ce an gama Baba. Uwargida ta cusa ƙullin a babbar jaka, tsakanin kilishi da kuka da yajin da ta haɗa wa ƙaninta da ke can.

Bari in gaya muku wane ne Baba, don labarin nan kusan nasa ne. Duk Lahadi bayan la'asar mu shida muke haɗuwa a wata gona a hanyar Gwarzo, mu manna takarda a jikin katako, mu yi ta auna ta da bindigar iska. Ba ma harbin tsuntsu, ba ma harbin komai mai rai. Bindigogin namu ma tsofaffi ne marasa ƙarfi, daga taku talatin ko kwalbar lemo ba sa fasawa. Baba ne ya koya mana riƙon numfashi da jan kunama, shi ne kuma ke gyara mana sifirin bindiga idan ya mutu. Ƙwayar dalmar da ake sayarwa a gwangwani tana da siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi, don haka muke ce mata 'yar kalangu. Baba kuwa nasa yake zubawa da dalmar tsohon batirin mota, a wani mazubi da ya sassaƙa da kansa, curarre ba ƙugu ba rami, muna kiransa dunƙule. Shekara huɗu yana cewa dunƙule ya fi, tunda ya fi nauyi iska ba ta kaɗa shi. Mun gwada ba adadi, amma duk lokacin da dunƙule ya kauce sai wani a cikinmu ya yi sauri ya ce hannunsa ne ya yi rawa. Wa zai kalli Baba ya ce masa aikinsa ne ya gaza?

A Legas, wajen awon kaya, ma'aikaciya ta tambaye ni ko wani ya ba ni wani abu in riƙe masa. Na ce a'a ko ƙifta ido ban yi ba, abokin tafiyata ma haka, alhali shi jakarsa rabi saƙon mutane ce. Da duk Bahaushen da aka ba saƙo zai faɗi gaskiya a wannan layin, da jirgin bai tashi ba sai jibi. Muka yada zango a Addis Ababa, muka sha shayi mai tsadar da ta sa abokina ya yi ta juya kofin yana neman inda aka ɓoye naman. Daga nan sai doguwar tafiyar da ƙafa ke kumbura a takalmi.

Guangzhou ta tarbe mu da irin zafinta mai laima, wanda kafin ka kai bakin titi riga ta manne a baya. Wannan zuwana na uku ne, amma garin ya canza mini. Saura 'yan makonni a buɗe gasar Olamfik a Beijing, ko'ina tutoci da manyan alluna, ko'ina 'yan sanda biyu-biyu a tsaye. Biza ta yi wuya a shekarar, ni ma ban samu ba sai da ƙanin matata ya aiko da takardar gayyata da sunansa. Shekararsa shida a garin yana harkar tura kaya. Shi ya zo tarbarmu, yana hango ni ya fara: "Mijin Yaya! Wannan tumbin an biya masa kujerarsa daban ko a cinya ka riƙo shi?" Tun yana ɗan makaranta haka muke da shi, ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba.

Abokin tafiyata ya wuce otal a unguwar Liuhua, ni kuma na sauka a gidan ƙanin nawa, hawa na tara a wani dogon gini kusa da titin Guangyuan. Ko wanka bai bari na yi ba, ya ja ni ofishin 'yan sanda aka yi mini rajista, aka ba ni 'yar takarda mai ɗauke da sunana da sunansa da lambar gidansa. A hanyar dawowa ya bar wasa ya yi mini bayani. Bizarsa saura mako uku ta ƙare, ya kusa miƙa fasfo don sabuntawa, kuma a ginin nan kaɗai mutum uku aka sallama gida kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk abin da baƙonsa ya yi, shi za a tambaya. Ya ce don Allah ko yawu kada in tofar a titi har in tafi. Na ce haba, ni yaro ne?

Da muka ci abinci na kwance jaka na ba shi tsarabarsa, sai ga ƙullin Baba. Na warware. Ɗan gwangwanin man zafi ne, da takarda a naɗe da rubutun ajami. Baba ya rubuta cewa ga dunƙule guda ashirin, an ce masa mutanen can sun iya harbi har gasar duniya a ƙasarsu za a yi, in kai inda babu iska kuma babu mai jin kunyarsa, a gwada su da 'yar kalangu, in kawo masa takardun ya shafa da hannunsa. Na ɗaga murfin na ga dalma na ƙyalli a cikin auduga. Ban zazzage ba, ban ƙirga ba. Baba ya ce ashirin, ai ashirin ne.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya da sauri irin ta ƙanin nan nawa ba. Ya tashi ya murza makullin ƙofa, ya saki labule, da rana tsaka. Ya ce a ƙasar nan ko bindigar iska ba a yarda mutum ya ajiye a gida ba, wannan 'yar dalmar da nake gani sunanta harsashi a wajensu, kuma a wannan watan ba mai tsayawa sauraron labarin wani tsoho a Kano. "Mijin Yaya, ka rufa mini asiri. Ka je tafkin Liuhua yanzu ka wurga shi, kada ya kwana a gidan nan."

Na je. Wallahi na je, na tsaya a kan 'yar gada, tsofaffin Sinawa suna ta motsa jiki a gefe suna kaɗa hannu a hankali, gwangwanin yana tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Sai na tuna Baba a dakalin nan da asuba. Na san kwana nawa yake ɗauka yana goge kowace ƙwaya da tsumma, yana lalube don ido ba ya gani sosai. Me zan ce masa, na zubar a ruwa? Na mayar da shi aljihu na koma gida. Ƙanina ya dube ni, na ce an gama. Ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya saka, har ya ɗora da tsokana wai hannuna ya saba jefa ƙuri'a. Wannan ƙaryar ita ce mafi muni a tafiyar, kuma a lokacin ko nauyinta ban ji ba.

Kwana biyar na yi ina shiga kasuwar takalma ta Zhanxi. Hawa-hawa ne, kowane shago kamar akwati, takalmi ƙafa ɗaya-ɗaya jere har rufi. Baƙi sun yi ƙaranci, don haka 'yan matan shago har bakin matakala suke tare ka suna lawban, lawban, wato maigida. Ciniki da kalkuleta ake yi, ta buga ta miƙo, ka goge ka buga naka, ta dafe ƙirji kamar ka zage ta, a ƙarshe a daidaita. Farashi ya ɗan hau kan na bara, sun ce fata da roba sun yi tsada. In ka nemi lamba arba'in da biyu ta mata sai ka ji meyo, babu, sai ka yi bayani da hannu cewa matanmu Allah ya ba su ƙafa. Da rana muna cin taliyar 'yan arewacinsu Musulmi, wadda ake ja da hannu a gabanka, kwano ɗaya da romon sa bai kai kuɗin lemon filin jirgi ba. Abokina har yau bai iya tsinken cin abincinsu ba, cokali yake yawo da shi a aljihun gaba.

Duk wannan ina yi ne da rabin hankali. Rana ta farko na ɓoye gwangwanin a cikin wani takalmin samfur a ƙarƙashin gado. Da yamma na ji ana cewa 'yan sanda suna bin gidajen baƙi hawa-hawa suna duba takardu. Washegari na fita da shi a aljihu, sai ga shi a bakin tashar jirgin ƙasa an kafa na'urar duba jaka, kowa sai ya bi. Na yi kwana kamar na manta wani abu. In na bar shi a gida ina tunanin gida, in na ɗauko shi ina ganin kowane mai hula yana kallon aljihuna. Na daina cin abinci sosai. Ƙanina ya ce ko kewar Yaya ce, na yi dariyar da ban ji ta ba.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla na biya ofishin wani mutumin Gana, ɗan zango, wanda ke loda mana kwali a kwantena. Dattijo ne mai sanyin magana, ya daɗe a garin, yana jin yaren Sinawa kamar a nan aka haife shi. Ya lura ina ta shafa aljihu, ya tambaya, ni kuma dama na gaji da riƙe abin ni kaɗai, na zayyane masa komai. Ya dube ni ya ce: "Alhaji, wannan magana ba shi da kyau sam. Ka sa yaron mutane cikin wahala." Sannan ya ce akwai wata makarantar wasanni a bayan gari mai ɗakin harbi, da izinin hukuma, ya taɓa kai wani baƙonsa. Ya buga waya ya yi ta magana da yarensu, ya ajiye ya ce gobe da safe. Bai gaya musu abin da zan zo da shi ba, ya ce wannan sai ido da ido.

Da safe na sa gwangwanin a ƙarƙashin hulata. A cikin lifta na ji yana zamewa a kan gumi, na sauko da shi na tura a safa ta dama. Mutumin Gana na jira na a ƙasa. Sai mun haye gadar ƙafa ta Guangyuan kafin mu samu tasi, kuma a tsakiyar gadar nan 'yan sanda biyu suka ɗaga mana hannu. Na miƙa fasfo da takardar rajista. Ɗayan ya kalli hoto, ya kalle ni, ya nuna kaina da yatsa, wai in cire hula. Na cire. Iska ta bugi kaina. Da minti biyar da suka wuce ne, da gwangwani ne zai faɗo ya yi ƙara a kan ƙarfen gadar. Ya kwafi lambar gidan ƙanina a ɗan littafinsa, harafi-harafi, ina kallo. Ya miƙo mini takarduna da hannu biyu cikin ladabi. Na ce she-she, wato na gode.

Tafiyar kusan awa ɗaya ce, ta kan gadoji masu hawa kan juna, sannan masana'antu, sannan gonakin ayaba. Ɗakin harbin dogo ne, sanyi ƙalau, shiru kamar asibiti, ko labule ba ya motsi. Mai horarwar mace ce da ta haura hamsin, gajeren gashi da furfura, ba ta da fara'a. Ta rubuta lambar fasfona. Da na sunkuya na zaro gwangwani daga safa na buɗe a kan teburinta, sai ta ja da baya, ta yi wa mutumin Gana magana da sauri da ƙarfi, ba na buƙatar tafinta in gane. Ya bar ta ta gama, sannan ya ɗauki takardar ajamin Baba ya nuna mata, ya yi ta bayani a hankali yana nuna idonsa, alamar mai takardar tsoho ne da ba ya gani sosai. Ta karɓi takardar ta juya ta sama da ƙasa. Ta shiga ofis ta yi waya mai tsawo, ni kuwa ina tsaye ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, don na ɗauka 'yan sanda take kira.

Da ta fito ta ce abu ɗaya ne: abin da ke cikin gwangwanin nan ba zai sake fita daga ginin ba. Ko ta zuba a bokitin dalmar da suke tarawa, ko a harbe su a nan. Na ce a harbe.

Ba ta yarda a sa dalmar gida a bindigogin gasa ba. Ta ɗauko wata tsohuwa ta koyon 'yan farko, mai sifirin, ƙarfinta kusan ɗaya da tawa ta gida, har warin manta iri ɗaya. Ta ɗebi dunƙule biyar ta auna kaurinsu da wani ɗan ƙarfe, ta ɗora su ɗaya-ɗaya a kan ƙaramin sikeli. Kowanne ya kusa ninka 'yar kalangu a nauyi. Ta ɗaga gira ta faɗi wani abu, mutumin Gana ya ce wai nauyinsu ya zo kusan ɗaya, wanda ya zuba su hannunsa na da tsafta. Tsarin gwajin mai sauƙi ne. Mita goma, bindiga a kan buhun yashi don kada a ce hannu ne, harbi biyar a kowane kati, wato takardar da ake aunawa, kati huɗu na 'yar kalangunsu, huɗu na dunƙule, ana yi ana musanyawa. Ni zan harba, ita tana tsaye a kaina.

Katin farko na 'yar kalangu, da aka jawo shi ta igiya, rami ɗaya ne mai ɗan faɗi, ƙwandala za ta rufe shi. Ban taɓa sanin na iya harbi haka ba. Sai dunƙule. Tun wajen turawa na ji bambanci, sai da na danna da babban yatsa. Ƙarar ma ta sauya, ta zama dum maimakon tas, kuma har kunne yana jin ɗan jinkiri kafin ya isa. Katin ya dawo da ramuka biyar a warwatse, duk a ƙasan baƙin tsakiya, tafin hannuna ma da ƙyar ya rufe su. Biyu daga ciki ba zagaye ba ne, dogaye ne, alamar ƙwayar a kaikaice ta shiga. Na nemi in ce hannuna ne, saboda sabo, sai na tuna buhun yashi.

Ta ɗauki 'yar kalangu ɗaya ta nuna mini ramin gindinta. Ta ce idan iska ta bugo, wannan bakin ne ke buɗewa ya toshe bututu, iska ba ta tsere ta gefe, kuma a sama shi ke jan gindin baya ya sa kai ya miƙe. Dunƙule ba shi da wannan, sai an cilla shi da gudu sosai yana juyawa kafin ya tsaya daidai, bindiga mara ƙarfi kuwa ba ta da abin ba shi. Ya yi mata nauyi, ya cije a bututu, ya fito a gajiye yana tangaɗi. Ta ce da babbar bindiga ce kuma nesa ce mai yawa, da wataƙila labarin ya canza. Na roƙi mutumin Gana ya maimaita mini wannan jimlar ta ƙarshe sau biyu, don ita zan kai wa Baba a gaba.

Kati na biyu da na uku ba su canza komai ba. A kati na huɗu na harba ɗaya, biyu, uku, huɗu, na sa yatsa a gwangwani na ji auduga kawai. Na yage audugar zare-zare. Na duba teburi, na duba ƙasa, na cire takalmi na zazzage safa a gaban matar nan ba kunya. Muka ƙirga ramuka tare da ita: biyar, biyar, biyar, huɗu. Sha tara. Mutumin Gana ya sake karanta takardar Baba, ya ce ashirin ya rubuta. Ta riƙe gwangwanin, ta sa hannu a bayan katunan takwas ta ba ni, ta raka mu har ƙofa. A tasi lissafi ɗaya nake yi: wuri ɗaya na taɓa buɗe gwangwanin nan kafin yau, a kan kujerar falon ƙanina.

Na same shi yana cin abincin rana. Na zauna a ƙasa na gaya masa duka, tun daga gadar tafki. Na so ya yi faɗa, ya zage ni ma in ya ga dama. Ya ajiye cokali, ya wanke hannu, ya ɗauko tocila. Muka ɗaga kujera muka cire matasanta, muka naɗe kafet, muka bi gindin bango da yatsa. Ya tankaɗe kuka da rariya, ya tankaɗe yaji muna ta atishawa, ya zazzage kilishi ɗaya-ɗaya. Ya kwance bututun ƙarƙashin wajen wanke hannu. Har la'asar ta wuce yana rarrafe a kan gwiwa, mutumin da ke da ma'aikata a ofis, yana neman abin da bai kai ƙwayar masara ba. Da ya gaji ya zauna ya jingina da bango, ya ce, "Jibi zan kai fasfo." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Kwana biyu bayan haka masu duba gidaje suka ƙwanƙwasa, da hantsi. Suka duba fasfo da rajista, ɗaya ya leƙa ɗaki da kicin, suka yi godiya suka tafi. Minti uku ba su cika ba. Ina tsaye ina kallon ƙasan takalmansu, ina jiran ɗaya ya taka wani abu ya sunkuya. Bayan sun fita ƙanina ya shiga banɗaki ya daɗe. Sauran kwanakin ya yi mini duk abin da ake yi wa baƙo, ya kai kayana wajen loda, ya saya wa yayarsa mayafi da yara kayan wasa. Tsokana ce kawai ta ɗauke ɗif. In na jefa masa wasa sai ya yi murmushi ya duba waya.

Ranar tafiya na bi kowane ɗinki na rigunana da farce, na bar takalmin samfur da safar nan a kwandon shara. A filin jirgi jakata ta shiga na'ura, ta tsaya a ciki, ta ɗan koma baya, sannan ta fito. Ba abin da aka gani. Abokin tafiyata ya yi barci tun kafin jirgi ya tashi, ni ko ruwa da ƙyar na sha, don in ƙwayar nan ba ta jikina, to tana gidan da na baro.

Mun sauka Kano ana tsakiyar damina, gari ya yi kore, kwatoci sun cika. Washegari da hantsi na tafi maƙerar Baba da katuna takwas a ambulan. Na jera masa su a kan tabarma. Ya bi na 'yar kalangu da yatsa, rami ɗaya, ya gyaɗa kai. Ya bi na dunƙule, yatsansa yana yawo daga wannan rami zuwa wancan, ya tsaya a kan dogayen ya daɗe. Na yi sauri na gaya masa maganar sikeli da hannu mai tsafta, da maganar babbar bindiga. Ya yi dariya ya ce, "To ai shi ke nan. Shekara huɗu kuna cewa hannunku ne, ashe ku maƙaryata ne gaba ɗayanku." Bai ji haushi ba ko kaɗan, har ya sa na maimaita masa abin da matar ta ce game da hannunsa.

Sai ya shafa kati na ƙarshe ya ce huɗu ne nan. Na ce eh Baba, ɗaya ta ɓace mini a can, kuma na fara ba shi labarin abin da ɓatanta ya jawo. Ban kai rabi ba ya sa hannu a aljihun taguwarsa, ya lalubo, ya buɗe tafin hannu. Ga ta nan tana ƙyalli. Ya ce bayan ya rubuta takardar ne ya tuna bai bar wa kansa samfur ba, sai ya cire ɗaya, bai ga dalilin sake rubutu ba a kan ƙwaya guda. Na zauna ina kallonta. Ba zan iya yi wa Baba fushi ba, bai san komai game da biza ba, kuma ba shi ya ce in yi ƙarya ba.

Daga bakin maƙerar na sayi katin waya na kira Guangzhou, can yamma ta yi. Na ce ƙanina, albishirinka, ƙwayar nan ba ta taɓa barin Kano ba. Ya ce alhamdulillahi. Ya ce an ba shi biza ta wata uku, za a sake dubawa bayan gasa. Gidan kuwa ya riga ya sanar da mai shi zai tashi, ya kama ɗaki a can wata unguwa mai nisa da ofis, don tun ranar ya kasa zama a falon ba tare da yana kallon ƙasa ba. Gidan da ya yi shekara shida a ciki.

Abin da na koyo game da harbi ba shi da yawa: in bindigarka mara ƙarfi ce kuma takarda kake auna, ka riƙe 'yar kalangu, ka bar dunƙule wa masu manyan bindigogi. Yanzu kuma duk wanda ya ba ni saƙo, ko wane ne shi, a gabansa nake kwancewa in ƙirga, in ya ji haushi ya ji. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne na ji kunyar in ce wa babba a'a, ban ji kunyar in yi wa ƙarami ƙarya ba, a gidansa, bayan na ci abincinsa.

Kafin mu ajiye waya na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya wuce. Ya ce in gaida Yaya da yara. Sannan ya ce, "Alhaji, in za ka sake zuwa ka sanar da ni da wuri, in kama maka otal mai kyau a Liuhua." Shekara goma sha huɗu ina auren yayarsa, ranar ce ta farko da ya kira ni Alhaji.